Kabad Ɗin Ɗakin Girki: Rumbu Na Ƙarshe Kafin Tukunya

Sau da dama a taron ƙungiyoyinmu mukan yi magana a kan rumbu, yadda za a ɗaga shi bisa duwatsu, a yaɓe shi, a yi masa jinka mai kyau. Amma akwai wani ƙaramin rumbu da muke mantawa da shi, wato kabad ko kantar da ke ɗakin girki. A nan ne garin tuwo da kuka da daddawa da man gyaɗa suke kwana kafin su shiga tukunya. In mun tsare hatsi wata shida a rumbu, sa'an nan ya lalace cikin kwana shida a kabad, ashe wahalar damina ta tafi a banza ke nan.

Abin da muka gani

Iyayenmu mata ba su san kabad ba. Ƙorai da akusa a ragaya ake rataye su, a rufe da faifai, iska tana ratsa su, ido kuma yana ganinsu kullum. Yanzu kuwa daga Gwaram zuwa Sara har Birnin Kudu, da wuya a yi wa amarya jere ba kabad a ciki. Kabad abu ne mai kyau, gama yana kāre abinci daga ƙura da ƙuda da awaki. Sai dai yana da duhu, yana da lungu, kuma abin da ƙofa ta rufe ido ba ya ganinsa.

A wani ƙauye mun roƙi wata uwargida ta bari mu jawo kabad ɗinta daga jikin bango, don mu gwada wa matan ƙungiya. Gaban kabad ɗin tas yake, langa da samira sai ƙyalli suke yi. Da muka jawo shi, sai ga shi gara ta cinye katakon baya, ga ramin ɓera a gindin bango, ga kashin ɓera har a kan ledar garin tuwo. Wannan mata ba ƙazama ba ce. Shekara uku ke nan kabad ɗin bai motsa daga inda aka ajiye shi ranar jere ba. Mu ma da muka koma gida muka duba namu, ba mu sami bakin yi mata dariya ba.

Magabta huɗu

Na fari shi ne ɓera. Ba ɓarnar abinci kaɗai yake yi ba. Akwai wani irin ɓera mai nonuwa da yawa, wanda yake zaune a gonaki da gidaje a ƙasashen Afirka ta Yamma. Shi ne yake ɗauke da cutar zazzaɓin Lassa. Shi kansa ba ya ciwo, amma cutar tana fita cikin fitsarinsa da kashinsa. In ya bi ta kan gari ko kwano, wanda ya ci abincin yana iya kamuwa.

An fara gane wannan cuta a shekarar 1969, a garin Lassa wanda yake cikin Jihar Borno a yau. Wata ma'aikaciyar jinya a asibitin mishan na garin, Laura Wine, ta kamu, aka kai ta asibitin mishan na Jos, can ta rasu. Wadda ta yi jinyarta, Charlotte Shaw, ita ma ta rasu. A shekarar 1970 likitar da ta duba su, Jeanette Troup, ta kamu ta rasu. Sai a shekarar 1972, a ƙasar Saliyo, masu bincike suka gane ɓera ne mai ɗauke da cutar. Jihar Bauchi, wadda muke iyaka da ita, tana cikin jihohin da cutar ta fi addaba a Nijeriya. Cutar ta fi yawa da rani, daga Disamba zuwa Afrilu, lokacin da gona ta bushe, aka ƙone daji, ɓeraye suka biyo hatsi zuwa cikin gida.

Bisa ga bayanin Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin mutum 5 da suka kamu, wajen 4 ba sa jin wani ciwo mai tsanani, amma 1 yakan sha wuya ƙwarai. Cikin waɗanda suka warke, wajen 1 cikin 4 yakan sami matsalar ji. Mace mai tsohon ciki ita ce ta fi shiga hatsari, ita da abin da ke cikinta.

Na biyu shi ne kyankyaso da kiyashi. Kyankyaso yakan fito daga masai da dare ya bi ta kan kwanuka. Abin da yake nema shi ne maiƙo da ɓarɓashin abinci da ɗan danshi.

Na uku ita ce gara. Daga ƙasa take hawa, ko daga bangon laka, ta ci katako ta ciki ta bar fenti a waje. Ran da ka gane, kanta ta riga ta karye da kaya a kanta.

Na huɗu shi ne danshi. A watan Agusta, sa'ad da ruwa ya zauna, iskar cikin kabad takan yi nauyi, gyaɗa da masara da ƙuli-ƙuli su yi fumfuna. Wata irin fumfuna tana fid da guba da ake kira afalatoksin, wadda take lalata hanta a hankali. An gano ta ne bayan talotalo fiye da 100,000 sun mutu a Ingila a shekarar 1960, saboda tunkuzar gyaɗa da aka ba su. Dafuwa ba ta kashe wannan guba. Abin da ya yi fumfuna, zubarwa ake yi, kada ma a ba kaji.

Yadda za a wanke kabad

Sai a zaɓi ranar da akwai rana sosai, a fara da hantsi, domin katako ya sami bushewa kafin yamma. Kayan aiki su ne sabulu, ruwan ɗumi, tokar murhu da aka tankaɗe, tsumma biyu, da bilic irin wanda ake sayarwa a kanti don wanke fararen tufafi.

1. A fitar da kome da kome, a jera a kan tabarma a inuwa. Kada a bar ko cokali ɗaya a ciki.

2. A jawo kabad daga jikin bango, a buɗe ƙofofinsa da tagar ɗakin, iska ta shiga.

3. In an ga kashin ɓera, kada a share shi a bushe da tsintsiya, gama ƙurar da za ta tashi tana iya ɗauke da cuta. A haɗa bilic gwangwani 1 da ruwa gwangwani 9, a yayyafa har wurin ya jiƙe, a jira minti 5. Sa'an nan a sa safar roba ko leda a hannu, a kwashe da tsumma ko takarda, a ƙone ko a binne. Kada a gauraya bilic da wani maganin wanki, domin yana iya fid da tururi mai cutar da ƙirji.

4. A wanke daga kanta ta sama zuwa ta ƙasa, da ruwan ɗumi da sabulu. A matse tsumma sosai. Ba kwara ruwa ake yi wa katako ba, shafawa ake yi. A bi kusurwoyi da tsinke, nan ne kyankyaso yake ajiye ƙwansa.

5. Inda maiƙo da kunkunniya suka daskare, musamman saman kabad da gefen da ke fuskantar murhu, a kwaɓa toka da ɗan ruwa, a shafa, a bar ta kaɗan, a goge. Toka tana cin maiƙo kamar yadda take yi a gindin tukunya. Amma a bi fenti da gilashi a hankali, kada su kurje.

6. A goge da busasshen tsumma, a bar ƙofofi a buɗe har katako ya bushe sarai. In kantocin masu cirewa ne, a shanya su a rana.

7. A wanke kwanuka da langa da ludayi da muciya da sabulu, ko da ba a ga datti a jikinsu ba. A kife su su bushe tukuna a mayar.

8. Mai aikin ta wanke hannu da sabulu kafin ta taɓa abinci.

Gyara kafin a mayar da kaya

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ƙaramin ɓera, kafar da fensir zai shiga ta ishe shi. Saboda haka sai maigida ya zo da guduma da ƙusa. Duk wata kafa a jikin kabad a buga mata gwangwanin da aka buɗe aka miƙar. Ramin da ke gindin bango a cika shi da tsakuwa da siminti, gama laka kaɗai ɓera zai sāke haƙa ta cikin dare ɗaya. In ƙofa ba ta rufuwa sosai, a ɗaure ƙarafan da take juyawa a kansu, a ɗiga musu ɗan mai.

A ɗora ƙafafun kabad a kan dutse mai faɗi ko bulon siminti, kada katako ya taɓa ƙasa. A bar taƙi ɗaya tsakaninsa da bango, yadda tsintsiya za ta shiga, ido kuma ya ga hanyar gara tun tana sabuwa. In an ga ginin gara a jikin ƙafa, a kankare shi ran nan. A kuma duba sama, kada kabad ya zauna inda rufi yake yoyo.

Wanda zai sa a yi masa sabon kabad, ya tuna tun ran gini ran zane. Ya gaya wa kafinta ya yi da katako mai ƙwari irin maɗaci, ya yi masa ƙafafu, ya rufe bayansa sosai, ya sa wayar raga mai ƙananan idanu a ƙofa domin iska. Katakon nan da ake yi da garin katako da gam yana da araha da kyan gani, amma da ya sha ruwa sai ya kumbura ya ruɓe.

Yadda za a jera kaya

Leda da buhu ba sa hana ɓera. Gari da shinkafa da wake a zuba su cikin bokiti mai murfi, ko gwangwani, ko langa mai rufuwa sosai. Kuka da kuɓewa da barkono a sa su cikin kwalabe masu murfi. Sai abu ya bushe ƙayau kafin a rufe shi, in ba haka ba mun rufe shi tare da danshinsa. Kada a zuba sabon gari a kan tsoho. A ƙarar da tsohon, a wanke mazubin, ya bushe, kana a zuba sabo. Kaya masu nauyi su zauna a ƙasa, masu sauƙi a sama. A goge gindin kwalbar manja da man gyaɗa, a ɗora ta a kan faranti. Busasshen ganyen darbejiya a kusurwoyi yana taimakawa wajen korar ƙwari, a riƙa canja shi. Sauran tuwon dare a rufe shi da murfi mai nauyi, da safe a ɗumama shi ya yi zafi har ciki.

Abin da ba ya shiga kabad

Nan muna roƙonku ku kasa kunne. Maganin feshin gona, da fiya-fiya, da maganin ɓera, da ƙwayar da ake sa wa wake, da kananzir, ba su da wuri a kabad ɗin abinci, ko a saman sa. Kada kuma a zuba su cikin kwalbar lemo ko ta ruwan sha, gama yaro bai san bambanci ba. A yi musu akwati dabam mai kwaɗo, a wani ɗaki. Kada a fesa maganin ƙwari cikin kabad alhali abinci da kwanuka suna ciki. Ga ɓera kuwa, tarko da kyanwa sun fi guba a gidan da yake da yara da kaji. Ɓeran da ya mutu, kada a ɗauke shi da hannu tsirara, kuma a hana yara farautar ɓera da cinsa.

Lokatan aiki

Kullum da dare: a goge inda abinci ya zuba, a rufe mazubai, a rufe ƙofar kabad, a kai shara nesa da ɗakin girki.

Kowane mako: a share baya da ƙarƙashin kabad, a duba kashin ɓera da hanyar gara.

Sau uku a shekara a yi babban wanki: a watan Mayu kafin ruwa ya sauka, a watan Oktoba kafin sabon hatsi ya shigo, da watan Janairu sa'ad da hunturu ya cika ɗaki da ƙura, ɓeraye kuma suka yi yawa.

In wani a gida ya yi zazzaɓi, aka ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro kwana biyu ko uku bai sauka ba, ga ciwon maƙogwaro ko amai ko kasala mai yawa, kada a tsaya saye-sayen magani. A kai shi asibiti, a gaya wa ma'aikata akwai ɓeraye a gidan. Muna da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu. Wanda aka kai da wuri ya fi samun sauƙi.

Tambayoyi domin taron ƙungiya

1. Yaushe rabon da a jawo kabad ɗin gidanku daga jikin bango?

2. Don me ba a share kashin ɓera a bushe?

3. Ina kuke ajiye maganin feshin gona a yanzu?

4. Wane sashe na wannan aiki ne na maza, wane ne na mata?

Aikin yi kafin taro na gaba

Ɓera bai san katanga ba. In gida ɗaya ya gyara, maƙwabta ba su gyara ba, jiya ce za ta dawo. Muna ba da shawara kowace ƙungiya ta sa rana guda. Mata su haɗu uku-uku suna taya juna wanki, maza su zagaya da guduma da siminti. Kwalbar bilic ɗaya da rabin buhun siminti daga asusun ƙungiya za su ishi gidaje da dama. A tuna da gidajen tsofaffi da gwauraye, waɗanda ba su da mai jawo musu kabad. Magatakarda ya rubuta gida nawa aka gyara, da abin da aka tarar, ya kawo mana a taro na gaba.

Allah ya ba mu lafiya, ya sa albarka a abin da muka noma.