Adon Ƙofar Gida Don Kirsimati

'Yan'uwa manoma, kowace shekara mu kan ɗebi dawa daga rumbu mu sayar don takardun ado na kanti, iskar hunturu kuwa ta yayyage su kafin sabuwar shekara. Da damina sai mu sayi hatsi da tsada.

Ga kara nan zube a gona. Mu zaɓi guda 5 masu tsawo ɗaya, mu ɗaure bakunansu da kaba su zama tauraro, mu rataye bisa ƙofar zaure. Yara su karanta labarinsa a Matta sura 2. Bango kuma farar ƙasa ta ishe shi.

Sai batun wuta. Kyandir ya zauna cikin gwangwani mai yashi, a ƙasa, nesa da zana da rumbu. Babba ya kashe shi kafin barci.