Me Ya Sa Fasto Ya Lallashi Sabon Tuba, Ni Kuwa Ya Hore Ni?

TAMBAYA: Shekarata 19 da yin baftisma, kuma ni ke shugabantar mawaƙa a ikkilisiyarmu. Kwanakin baya aka ga wani sabon tuba a gidan burukutu. Fasto ya bi shi har gida suka zauna, magana ta mutu a nan. Ni kuwa da muka yi cacar baki da wani a harabar majami'a har na zage shi, sai aka kira ni gaban dattawa, aka dakatar da ni wata 3. Wannan ba son kai ba ne?
Wani ɗan'uwa daga Kafanchan

AMSA: Ɗan'uwa, sannu da haƙuri. Na san zafin zama a bencin baya kana kallon wani yana kaɗa wa mawaƙanka hannu. Amma bisa ga yadda ka ba da labarin, ban ga son kai ba. Abin da na gani makiyayi ne da ya san tumakinsa ɗaya bayan ɗaya.

Buɗe Farawa sura 33. Bayan Yakubu da Isuwa sun shirya, Isuwa ya nemi su kama hanya tare. Yakubu ya ba shi haƙuri, domin yana tafe da yara ƙanana da dabbobi masu shayarwa, kuma in aka kora su da gaggawa ko na yini ɗaya, garken zai hallaka. Ya zaɓi ya bi a hankali gwargwadon ƙafar mafi rauni. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san wannan. Ɗan maraƙin da aka haifa jiya a kafaɗa ake ɗaukarsa, bijimin da ya san hanya kuwa in ya faɗa gonar mutane sanda ce rabonsa.

Yaron nan da kake magana a kansa, wataƙila a gidan burukutun ne duk abokansa suke. Wataƙila ma danginsa sun juya masa baya saboda tubarsa. In aka tsayar da shi gaban jama'a a tuntuɓensa na farko, ina kake tsammani zai nufa ran Lahadi mai zuwa? Shi ya sa ikkilisiyoyinmu, su ECWA da COCIN da EYN da sauransu, suke da ajin baftisma, inda ake zama da mutum watanni ana koya masa tafiya kafin a ɗora masa kaya. Bulus da kansa ya gaya wa Korintiyawa, a wasiƙarsa ta fari sura 3, cewa madara ya ba su, domin cikinsu bai isa ɗaukar abinci mai tauri ba tukuna.

Akwai gyara iri biyu a Sabon Alkawari da nake so ka ajiye kusa da juna. Afolos mutumin Iskandariya ya zo Afisa yana wa'azi da ƙwazo, amma saninsa ya tsaya a baftismar Yahaya. Akila da Bilkisu ba su katse shi a bainar jama'a ba, suka ja shi gefe suka cika masa abin da ya rage (Ayyukan Manzanni 18). Bitrus kuwa, da ya janye daga cin abinci tare da al'ummai a Antakiya, Bulus ya tsawata masa ido da ido a gaban kowa (Galatiyawa 2). Dalili? Mutane na bin sawun Bitrus, har Barnaba ya zame tare da shi. Kai ma haka kake. Ranar da ka yi zagin nan, yaran da ka koya wa waƙa suna tsaye suna ji. Laifin da aka yi a fili, a fili ake wanke shi, kuma wanda aka ba da yawa za a nemi da yawa a hannunsa, kamar yadda Yesu ya koyar a Luka 12.

Sai dai kada shugabanninmu su ji wannan su miƙe ƙafa. Bambancin da Littafi ya yarda da shi na girma ne cikin bangaskiya. In ka ga ana sassauta wa mai kawo zakka mai kauri, ko ɗan ƙabilar fasto, ana matsa wa talaka, to wannan shi ne son kai, kuma wasiƙar Yakubu sura 2 ta kira shi zunubi. Haka nan lallashi ba na har abada ba ne. Uwar da ta ƙi yaye ɗanta cutarsa take yi. In shekara ta zagayo, ta sake zagayowa, yaron nan yana nan a gidan burukutu fasto bai canja murya ba, ya gaza a aikinsa. Kuma akwai wani sakaci da ya fi damuna: fastoci da yawa suna ganin tsofaffin masu bi ba sa bukatar ziyara, sai dai a ɗora musu aiki. Ba a tuna da su sai ranar da suka faɗi. In tun da aka dakatar da kai babu dattijo ko ɗaya da ya taka ƙofar gidanka, kana da hujjar kuka, domin manufar horo maido da mutum ce.

Ka kuma yafe mini in faɗa maka wata gaskiya. Shekarun baftisma ba su ne ma'auni ba. Marubucin Ibraniyawa, a sura 5, ya koka da waɗanda ya kamata a ce sun zama masu koyarwa amma har yanzu sai an maimaita musu darasin farko. Yadda za ka ɗauki wata 3 ɗin nan shi zai nuna inda shekara 19 ta kai ka.

Don haka ga roƙona. Ka fara zuwa wurin wanda ka zaga ka nemi gafara. Sannan ka sami fasto ku kaɗai, ka zazzage masa abin da ke ranka cikin ladabi. In an maido ka, ka roƙe shi ya ba ka yaron nan ka riƙa jan sa a jiki, ko a saka shi cikin mawaƙa. Yana bukatar yaya a ikkilisiya, kai kuma yanzu ka san ɗacin faɗuwa.