Darasi: Hakkin Makiyayi Da Ɗan Kora Idan Maigida Ya Rage Aiki

Darasinmu na wannan fitowa a kan mutanen da ke ci a ƙarƙashinmu ne, wato makiyaya da 'yan kora da masu lodi, idan kasuwa ta mutu maigida ya ce a rage kwanakin aiki. Za mu ɗauki misali daga garuruwanmu na Jazira da bakin Nilul Azraƙ, tun daga Mai Wurno da Sinnar har zuwa Damazin, domin a nan abin ya fi maimaituwa.

Kowa ya san yadda hanya kan rufe dare ɗaya. A ƙarshen 2007 zazzaɓin dabbobi na Rift Valley ya ɓulla a Jazira da Sinnar, Saudiyya ta daina karɓar dabbobin Sudan. A watan Oktoba na 2019 aka sake rufe ƙofar. Sannan yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya ci Madani a Disamba na shekarar, bai sake ta ba sai Janairun 2025. Duk lokacin da haka ta faru, falke kan sayar da rabin garke, ya ce wa yaransa su riƙa zuwa kwana uku a mako, kuɗi ma rabi. To, wannan ragin ya halatta?

Amsar tana ga irin ƙullin da aka yi tun farko. Malamanmu sun raba ɗan ƙodago gida biyu. Akwai wanda ka sayi lokacinsa, kamar makiyayin da kuka yi da shi wata-wata ko damina guda, ba ya yi wa kowa aiki sai kai. Akwai kuma wanda ka sayi aikinsa, kamar mai lodi da ake biya bisa kowace mota, ko ɗan koran da aka yi jinga da shi ya kai shanu kasuwar Muwailih ta Umdurman. Na biyun, in babu mota babu lada, kuma ba ka da ikon hana shi ya je wurin wani. Na farkon kuwa ladarsa ta wajaba da zarar ya zo da sandarsa ya ce ga ni, ko ka ba shi aiki ko ba ka ba shi ba.

A nan ne yawancinmu ke zamewa. A ce ka ɗauki makiyayi wata shida a kan shanu 60, bayan wata biyu ka sayar da 35, saura 25. Sai zuciya ta ce ai aiki ya ragu, lada ma ta ragu. Wanda ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya san hukuncin: ko mutuwa dabbobin kiwo suka yi, ijara ba ta warwarewa, mai dabbobi ne zai kawo madadinsu. To balle kai da hannunka ka sayar, kuɗin suna aljihunka. In ka so ka kawo wasu shanun ya kiwata, in ka so ka bar shi da 25 ɗin, amma ladar wata huɗun nan tasa ce cif. Dalili kuwa a fili yake: ya bar cirar auduga ko yankan dawa saboda kai, lokacin ɗaukar ma'aikata ya wuce, wa zai ɗauke shi a tsakiyar zango?

Wani zai ce ai gwamnati na nan. Jama'a, mu bar ruɗin kanmu. A Jamus, idan kamfani ya rage sa'o'in aiki, hukuma na biyan ma'aikaci kashi 60 cikin ɗari na abin da ya rasa, mai 'ya'ya kashi 67. Sudan ba ta da asusun biyan wanda ya rasa aiki, Nijeriya ma haka. Abin da ka cire daga ladar yaronka, daga tukunyar matarsa ka cire shi, babu mai cikawa, sai fa in ya je layin Diwanin Zakka ya dace.

Dokar ƙodago ta Sudan ta 1997 ta yi magana, amma ba kowa ta rufe ba. Ta fitar da masu aikin gida, da yawancin ma'aikatan gona, da 'yan aikin wucin gadi, saboda haka makiyayi da mutumin kambo da wuya su sami inuwa a cikinta. Direban babbar mota da magatakarda da ake biya albashin wata, su suna ciki. Dokar ta sa aiki sa'a 48 a mako, ta kuma rage wa mai azumi sa'a guda a Ramadan ba tare da an taɓa albashinsa ba. Mai albashin wata sai an ba shi sanarwar wata guda kafin sallama, kuma in ya cika shekara uku yana da kuɗin sallama, albashin wata ɗaya a kan kowace shekara, adadin yana ƙaruwa bayan shekara goma. Amma in shi ya ajiye aikin da kansa, kashi kawai yake samu. Shi ya sa wasu iyayen gida ke ta rage wa mutum kwanaki har ya gaji ya tafi da ƙafarsa. Wannan mu a wurinmu kora ce aka sa mata riga, kuma ƙungiya bai kamata ta tsaya wa mai yin ta ba. 'Yan'uwanmu masu rumfa a Kano ko Maiduguri su sani dokar ƙodagon Nijeriya ta 1974 ta fi fitowa ɓaro-ɓaro: ma'aikacin da ya zo aiki lafiyarsa lau ba a ba shi aiki ba, a biya shi ranar, sai dai in wata larura ce ta ɗan lokaci da ta fi ƙarfin maigida.

Ba mu ce falke ya karya jarinsa ba. Hanyar ragi tana nan, sai dai ta yarda ce. Ka jira wa'adi ya cika, ko ka kira shi ku warware tsohon ƙulli da yardarsa, ba da barazanar sallama ba. Ka biya abin da ya wuce tukuna. Sannan ku ƙulla sabo gaban shaidu biyu, ko gaban sarkin zango, a faɗi kwana nawa, nawa ne, har zuwa yaushe. Kwanakin da ka saki kuwa sun zama nasa: ba ka rage masa kuɗi sannan ka ce kada ya yi wa wani kiwo, ko ka riƙa aikensa ɗebo harawa kyauta.

Da yake fam ɗin Sudan ya zube ƙwarai tun da aka fara yaƙi, muna ba da shawara a yanka wani ɓangare na lada da dawa, a ambaci buhu nawa da irin dawar. Wannan ya inganta, domin sananne ne. Abin da bai inganta ba a mazhabarmu shi ne ka ce masa ladarka 'yan maruƙan da za a haifa bana, don ba a san ko za a haifa ba. In saniya za ka ba shi, ka nuna masa ita da hannu, shaidu su ga launinta da shekarunta, a rubuta a takarda biyu, ɗaya a hannunsa, ɗaya wurin magatakardan ƙungiya.