Ƙudan zuman daji

A ƙasar Madarunfa, tun daga bakin tabki har dajin Baban Rafi, akwai ƙudan zuma. Wasu suna zama cikin kogon itace. Wasu kuma suna shiga amyar da manoma suke ɗorawa bisa gawo ko tsamiya. Gawo yakan yi fure bayan damina, lokacin da ciyawa ta bushe. Don haka ƙudan zuma yake son shi.

Ƙudan zuman Afirka yana da faɗa. In an taɓa gidansu, sai su fito da yawa, su bi mutum da harbi. Wanda ya harbi mutum kuwa mutuwa yake yi, don ƙarinsa yana maƙalewa cikin fata. A shekarar 1956 an kai irin wannan ƙuda ƙasar Barazil. A 1957 wasu suka kuɓuce, suka bazu cikin dazuzzukan Amurka ta Kudu.

Akwai wani ɗan ƙarami da ake kira galla. Shi ba ya harbi. Zumarsa kaɗan ce, tana da ɗan tsami. Gidansa yana da wuyar gani, don ƙofarsa ƴar mitsitsiya ce.

Can ƙasar Indiya akwai wani babba. Ba ya shiga kogo, ba ya shiga amya. Saƙa guda yake yi a fili, ƙarƙashin reshen dogon itace ko jikin dutse. Faɗinta yakan kai mita ɗaya. In zirnaƙo ya matso, sai ƙudajen su riƙa ɗaga bayansu bi da bi, kamar iska tana kaɗa gero. Zirnaƙo ya tsorata, ya koma.

Duk waɗannan ƙudaje fure da ruwa da itatuwa suke bukata. Na Afirka ba ya haƙuri da wahala. In fure ya ƙare, ko an dame shi, sai ya bi sarauniyarsa ya yi ƙaura. Mai ɗibar zuma da wuta yana ƙone ƙudaje da ƴaƴansu, baɗi ya iske amya wayam. Mai hankali hayaƙi kawai yake sawa, kuma yakan bar musu rabonsu.

Tambayoyi

1. Me ya sa ƙudan zuma yake son gawo?
2. Mene ne bambancin galla da ƙudan zuma?
3. Yaya ƙudan Indiya yake korar zirnaƙo?
4. Me yake sa ƙudan zuma ƙaura?

Aiki: A zana amya bisa itace, a rubuta sunan itacen.