Idan Maigida Ya Ce "Bana Sai Haƙuri"

 Darasinmu na yau daga ƙofar gida zai taso, wato daga hirar da maza ke yi bayan la'asar idan damina ta zo da gardama. Duk wadda ta zauna ƙasar Tambuwal ko Kebbe, tun daga Dogon Daji da Jabo da Sanyinna har Kuchi, ta san wannan hira. Wannan ya ce, "Ruwa sun ɗauke muna hatsi na cikin kumsa." Wancan ya ce, "Ni tsutsa ta gama da masarata." Wani ya ce ƙuduji ya rufe masa dawa, na fadama kuma ya ce gulbi ya kawo, shinkafa ta nutse. Da yawanmu mukan ce ai zancen maza ne. To ba nasu ba ne su kaɗai, 'yar uwa. Abin da suke faɗa a watan Agusta, labarin tukunyarki ne a watan Afrilu.

Bari mu fara fassara maganganun. Gero yana da juriyar fari, amma in ruwa ya ɗauke daidai lokacin da yake fitar da kai, zangarniya za ta fito ba ido sosai. Za ki ga dami ya cika ido, a sussuka a shiƙe tsabar ba ta taka kara ta karya ba. Saboda haka in maigida ya ce ya samu dami kaza, kada ki yi lissafi da damin bara. A sussuke ɗaya a auna a gani.

Tsutsar masara kuwa baƙuwa ce. Daga nahiyar Amurka ta fito, kuma a farkon 2016 aka fara ganin ta a Afirka, a nan Nijeriya, sannan ta bazu ko'ina. Cikin tsakiyar ganye take ɓuya, shi ya sa feshi ba ya cika samun ta in ta girma. Ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, saiwar dawa da gero yake kamawa ya tsotse tun yana ƙarƙashin ƙasa, kafin a ga furensa ya riga ya yi ɓarna. Irinsa na iya shekara fiye da 10 cikin ƙasa, kuma ya fi son gonar da ta gaji. Ga shi taki ya yi tsada tun yaƙin Rasha da Yukren a 2022, aka zo aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin kai taki gona ma ya zama aiki. Ambaliya ba sai na daɗe a kanta ba. Ba mu manta da ta Goronyo a 2010 ba, ko wadda ta cinye shinkafar maƙwabtanmu na jihar Kebbi a 2020.

Duk waɗannan ba a hannunki suke ba. Abin da ke hannunki yana farawa ne ranar da aka shigo da amfani gida, kuma nan ne nake so mu tsaya sosai. Amfanin da ya sha wuya a gona ya fi saurin lalacewa a ajiya. Masarar da tsutsa ta huda, gyaɗar da fari ya kama tana dab da ƙosawa, hatsin da ruwa ya taɓa bayan an yanke, duk ƙofarsu a buɗe take ga ƙwari da fumfuna. Ke nan a shekarar da abin ya fi ƙaranci, a ita ce kuma ya fi saurin ɓaci.

Wani nau'in fumfunar nan yana haifar da guba da masana ke kira afalatoksin, musamman a gyaɗa da masara. Ki lura da kyau: dafuwa ba ta kashe ta, suya ba ta kashe ta. Hanta take ci a hankali, tana daga cikin abubuwan da ke kawo ciwon dajin hanta, ana kuma danganta ta da tsumburewar yara. In ta yi yawa tana kisa nan take. A ƙasar Kenya a 2004, bayan fari da ruwan da ya sauka lokacin girbi, mutum 125 suka rasu saboda cin masarar da suka ajiye a gidajensu. Abin da ke ba ni takaici shi ne al'adar nan tamu ta tsince gyaɗa mai kyau a kai kasuwa, a bar motsattsa da mai ɗaci a yi ƙuli da kunun yara. Wai kada a yi asara! Wace asara ta kai ta lafiyar ɗanki? Ƙwayar da ta canza launi ko ta yi warin ruɓa, ki fitar da ita ki binne. Kada ki ba akuyar da ake tatsa, don gubar na bin nono.

Maganin fumfuna shanya ce. A shanya bisa tabarma ko leda, ba bisa ƙasa ba. In kina shakka ko ya bushe, ki samu kwalba busasshiya, ki zuba tsaba da ɗan gishiri busasshe, ki rufe ki girgiza, ki bar shi ɗan lokaci. In gishirin ya manne jikin kwalbar, da sauran danshi, a mayar rana. Buhu kuma a ɗora shi kan katako, a ja shi nesa da bango.

Sai wake, wanda ƙwari ba su raga masa. Don Allah uwargida, ki hana a yayyafa masa fiya-fiya. Maganin feshin gona ne, ba na abinci ba, kuma saboda samun irinsa a cikin wakenmu ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. Ƙwayar maganin nan da ake jefawa cikin buhu ita ma iskar guba take fitarwa, bai kamata a ajiye irin wannan buhu a ɗakin da ake kwana ba. Akwai hanyar da ba ta buƙatar magani ko kaɗan: buhun PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007. Leda biyu ne masu kauri a ciki, buhu a waje, kowanne a ɗaure bakinsa daban. Iska na ƙarewa ƙwarin su mutu. In babu shi, jarka mai murfi da aka wanke ta bushe tana yin aikin, a cika ta fal a toshe. Amma banda wadda ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi. Sharaɗin dai ɗaya ne, ba a buɗewa kullum. Ki ware na cefanen wata guda daban.

Yanzu ga magana mai nauyi. Da kaka hatsi ya fi araha, da bazara zuwa tsakiyar damina ya fi tsada, wannan kowa ya sani. Amma da kaka ne ake sa ranar biki, a biya bashin taki, a yi ɗinki. Sau da yawa mu mata mu ke matsawa a buɗe rumbu don kayan ɗaki da gara, kada a ce mun gaza. Magidanci ya sayar da arha, ya dawo yana awo da tsada bayan wata shida. Ki samu lokacin da hankalinsa ke kwance, bayan ya ci abinci, ki ce, "Malam, mu ƙirga mu gani." Kwano nawa gidan ke ci a rana? A ninka da 30, a ninka da watannin da suka rage kafin sabon gero. Abin da ya haura wannan shi ne na sayarwa. Ba ki raina shi ba don kin yi wannan lissafi, ke ce mai riƙe da kwanon awo.

Kafin ma a fara ƙirgar, a fitar da iri. A zaɓi zangarniyar da ta yi ido duk da wuyar da aka sha, a ɗaure ta daban, a rataye inda yara da ɓera ba su kaiwa. Na wake a zuba shi cikin 'yar jarka tasa, a rubuta "iri" a jiki, kada wata rana a tashi yin alala a kwashe.