Amsoshin Tambayoyinku: Ɗauko Iyaye ta Iyakar Jibiya

Wani mai sauraro daga Jibiya ya tambaya: me ya sa shi yake ɗauko mahaifiyarsa daga Maraɗi cikin yini guda, amma ɗan'uwansa da ke Kanada ya shekara da shekaru yana jiran izinin kai tsohonsu?

To, malam, tushen abin yarjejeniyar ECOWAS ce ta 1979, wadda ta bai wa 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ƙasashen juna ba biza, su zauna har kwana 90. Nijar ta fice a Janairun 2025, sai dai ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardun 'yan ƙasar har zuwa wani lokaci. Don haka mahaifiyarka za ta biyo ta iyakar Ɗan Isa zuwa Magama da takardunta, ba layin shekaru.

Jiran mutanen Jibiya na rufe iyaka ne. An rufe a Agustan 2019, ba a buɗe Jibiya ba sai Afrilun 2022, alhali Illela da Maigatari sun samu tasu tun Disamban 2020. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris 2024. Tsofaffi da marasa lafiya su suka fi jin jiki.

A Kanada kuwa, har zuwa 2025 ƙuri'a aka riƙa jefawa wajen gayyatar masu neman kai iyayensu, kuma mazauna lardin Kebek sun fi daɗewa suna jira, domin lardin yana ƙayyade adadin da zai karɓa.