Sana'ar wankin mota: a cire tsohon kaki kafin a shafa sabo

Bayan girbi, samari da yawa suna barin ƙauye, su tafi cin rani Maradi, Damagaram, Tawa ko Yamai. Wasunsu suna kama wankin mota a bakin tasha ko a garaji. Sana'a ce mai kyau, ba ta son jari mai yawa. Amma mota dukiya ce babba. Yaron da ya ɓata fentin motar mutane ya rasa mai ba shi aiki, wani lokaci har a sa shi biyan ɓarna.

Kakin mota abu ne mai kauri kamar kakin zuma. Cikin gwangwani ake saida shi. Wanda aka fi sani sunansa karnoba, daga ganyen wata itaciya mai kama da giginya ake samun shi, a ƙasar Barazil. In an shafa shi, mota tana ƙyalli, ruwa ba ya kwanciya a jikinta. To, amma kaki ba ya daɗewa. Cikin wata 2 ko 3 ƙarfinsa ya ƙare, a zafin Nijar ma ba lalle ya kai haka ba. Rana ta gasa shi, ƙurar hunturu ta manne a kansa. Wanda ya shafa sabo bisa tsoho, datti ya rufe. Motar za ta dushe, sabon kakin kuma ba zai kama ba. Ko macen da za ta yi daɓe, sai ta share ɗakin tukuna.

Yaya ake gane akwai sauran kaki? A yayyafa ruwa a jikin mota. In ruwan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya kamar raɓa bisa ganye, akwai kaki. In ya shimfiɗu, kaki ya tafi.

A inuwa ake wannan aiki, bayan ƙarfen motar ya huce. Da farko a kwarara ruwa, ya tafi da rairayi. Rairayi shi ne babban magabcin fenti. Tsumman da ya faɗi ƙasa kar a mai da shi jikin mota sai an wanke shi. A tanadi bokiti 2: ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ɗauraye soso. A fara daga sama, a gangaro ƙasa. Sabulun ruwa na wanke kwanoni yana kashe ƙarfin kaki, shi ya sa ya dace da wannan rana. Amma ba na wankin kullum ba ne. Garin sabulun wankin tufafi kuwa a bar shi: ƙwayar da ba ta narke ba tana karce fenti.

An ɗauraye, an goge ta bushe. In da sauran kaki, sai a nemi alkol irin wanda ake kira izopropil. Awo 1 na alkol, awo 3 na ruwa. A fara gwada shi a wani lungu da ido ba ya kaiwa, musamman in an taɓa sake wa motar fenti. A jiƙa tsumma mai laushi, a goge wuri kaɗan, a bi da busasshe nan take. Alkol ɗin nan guba ne ga mai sha, kuma yana kama wuta. Mai shan taba ya matsa nesa.

Wasu masu gaggawa suna ɗauko isansi ko ruwan narkar da fenti. Kuskure ne mai tsada. Fentin motar zamani hawa 3 ne: na ƙasa, na launi, da na sama mai haske kamar gilashi. Duka ukun ba su fi kaurin takarda 1 ko 2 ba. In na saman ya ci, babu gyara sai wajen mai fenti. Tsofaffin motoci da yawa ba su da na saman ma. In an ga launin mota ya fito a tsumma, a sassauta hannu.

Farin kakin da ya maƙale a tsagogi da kan baƙar roba, tsohon buroshin haƙori mai laushi da ruwan sabulu suna fidda shi.

Sai a sake yayyafa ruwa a gani. In ya shimfiɗu ko'ina, a busar da motar, a shafa sabon kaki a ranar, don yanzu fentin ba shi da kariya. A shafa kaɗan-kaɗan. In ya yi fari, a goge da tsumma mai tsabta.